An ƙwace mana wasa saboda yaro ɗaya ya buga na goma sha ɗaya

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tun jiya abin yake cina a rai. Wasunku sun san bana ni ce manajar ƙungiyar hokin ƙanƙara ta su Khalifa, ajin 'yan ƙasa da shekara 13, a wani gari nan lardin Alberta, a Kanada. Kada ku ji "manaja" ku ɗauka wani muƙami ne. Aikin sa-kai ne: tara kuɗi, kama ɗakin otal, shigar da sunaye a takardar wasa, bin iyaye da waya. A taron farkon kaka kowa ya sunkuyar da kai, ni kuma na ɗaga hannu don Baban Khalifa ya ce zai taimaka mini. Har yau ina jiran taimakon.

Ranar Asabar mun ci wasa 4 da 2, kuma da wannan makin ne za mu shiga zagayen fitar da gwani. Jiya bayan Isha'i sai ga imel daga lig: an soke sakamakon, an ba wa abokan karawarmu makin, an dakatar da kocinmu har sai an zauna. Laifin wai mun saka ɗan wasan da bai cancanta ba.

Ga yadda aka yi. Idan yaranmu ba su cika ba, muna ɗauko wani yaro daga ƙungiyar da ke ƙasa da tamu a kulob ɗaya. Su suna ce masa AP, ni ɗan aro nake ce masa. An yi masa rajistar aron yadda ya kamata, wannan ba matsala. Amma doka ta ce wasa goma kawai zai buga mana a kaka, ban da na sada zumunta da na gasar ƙarshen mako. Ina da ɗan littafi da nake ƙirgawa. A lissafina Asabar ce ta goma. A nasu ta goma sha ɗaya. Da na zauna na bi baya sai na gano inda aka samu tazarar: a Disamba dusar ƙanƙara ta rufe hanya aka ɗaga wani wasan lig, aka zo aka buga shi ranar wata Juma'a, a filin da muke gasar ƙarshen mako, a makon gasar. Ni kuma na rubuta shi a shafin gasa.

Yaron nan bai ci ƙwallo ba, bai ba da aka ci ba. Duka-duka bai yi minti bakwai a kan ƙanƙara ba. Yara goma sha biyar sun yi wata huɗu suna tashi ƙarfe biyar na asuba. Ku ba ni shawara, mu ɗaukaka ƙara ko mu haƙura? Akwai kuɗin ajiya, kuma kwanaki kaɗan aka ba mu.

Baban Ilham: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kafin komai, wa ya kai ƙarar? Ai lig ba ta kwana tana ƙirga wasan yaro ɗan shekara goma sha biyu. Wani ne ya zauna da biro yana jiran ku faɗa ramin.

Maman Khalifa: Manajan ɗaya ƙungiyar ne, haka muka ji.

Baban Ilham: Na sani! An ci su a fili sun koma ci a teburi. Ku ɗaukaka ƙara, ko nawa ne kuɗin a faɗa mana mu haɗa. Kuma ni ban yarda abin nan ba shi da alaƙa da ganin mace mai hijabi a bencin ƙungiya ba. Da wata ce da an kira ta a waya an ce gyara.

Anti Bilki: Baban Ilham, a yi a hankali. Shekara shida ina aikin rajista a kulob ɗin yarana a Edmonton, na ga irin wannan hukuncin ya faɗa kan mutanen da kakanninsu a nan aka haife su. Ba na cewa babu wariya a hoki, akwai ta, wanda ya zauna a benci ya ji abin da ake faɗa wa yaranmu ya sani. Amma idan Maman Khalifa ta shiga zaman nan da wannan maganar ba tare da hujja ba, ta ɓata rawarta da tsalle.

Maman Khalifa, ƙanwata, gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci. Dokar wasa goma ba ta tambayar minti nawa yaro ya yi. Sunansa ya hau takardar wasa, ya sa kaya ya fito, an ƙirga. Mai tsaron raga ne kawai ake yi wa sassauci, shi sai ya shiga ya tsare raga ake ƙirga masa, zaman benci ba ya shiga lissafi. Kuma wasan lig wasan lig ne ko a ina aka buga shi, lambarsa tana nan a jadawali. Kwamitin zai buɗe kwamfuta ya nuna miki lambar, shi ke nan.

Baban Ilham: To Anti doka don mutum aka yi ta ko mutum don doka?

Anti Bilki: Don mutum, amma ba don mutum ɗaya ba. Ka tambayi kanka me ya sa aka sa goman tun farko. Idan babu iyaka, koci mai wayo zai yi wa ƙwararren yaro rajista a ƙaramar ƙungiya, ya riƙa cin ƙananan yara da shi ranar Asabar, ya ɗauko shi babba ranar Lahadi. Yaro ɗaya, kofi biyu. Sannan yaron da iyayensa suka biya cikakken kuɗi a babbar ƙungiyar yana zaune a benci yana kallon ɗan aro yana cin lokacinsa. Irin waɗannan yaran da ake turawa benci, galibi su wa ka ke zato? Waɗanda suka fara takalmin ƙanƙara a makare. Namu ke nan.

Akwai kuma maganar lafiya. Tun 2013 Hockey Canada, hukumar hoki ta ƙasa, ta hana bangazar jiki a wannan ajin na su Khalifa, sai an kai ajin 'yan ƙasa da 15 ake farawa. Idan aro ba shi da ƙa'ida, sai a ɗauki yaro mai kilo arba'in a jefa shi cikin masu gemu-gemu su manna shi da allon gefen fili. Shi ya sa ake son a san wa ke kan ƙanƙara, daga ina, sau nawa.

Kawu Sale: Bilkisu ta faɗi gaskiya. Ni dai ban san hoki ba, 'ya'yana ƙwallon kwando suka yi, amma na san takarda a ƙasar nan tun 1994. A nan abin da ka rubuta shi ne kai.

Dakta Nura: Sannu Maman Khalifa, Allah ya huci zuciya. Mu nan Minnesota, a Amurka, tsarinmu daban ne kaɗan, amma ciwon ɗaya ne. Yaro yana buga wa ƙungiyar unguwar da yake zaune ko inda makarantarsa take, in zai fita sai da takardar izini. Rigimarmu kullum a kan adireshi take. Za ka ga iyali suna zaune a wannan gefen titi, takardar wutar lantarki kuma tana nuna gidan kaka a can gefen, don can ne ƙungiyar da ke cin kofi. Ba hoki kaɗai ba. Ku tuna yaran Chicago da suka zama zakarun Amurka a gasar baseball ta yara, Little League, a 2014, har aka kai su fadar White House, farkon 2015 aka ƙwace kambun saboda manya sun taɓa taswirar iyakar unguwanni. Yaran ba su zana taswira ba, amma su aka cire wa suna.

Baban Ilham: Yauwa Dakta, ka ga abin da nake faɗa. Babba ya yi laifi, yaro ya sha bulala. Wannan adalci ne?

Dakta Nura: Ban ce adalci ne cikakke ba. Amma ka kawo mini wani hukuncin da zai hana. Ka ce tara? Kulob mai kuɗi zai saka tarar a kasafin shekara kamar kuɗin fetur. Abu ɗaya ne mai son kofi yake tsoro, a karɓe kofin.

Isuhu Damagaram: Salamu alaikum. Ni ina karantawa ina dariya, ku gafarce ni. Wai 'yan Najeriya ne yau suke kukan an ƙirga musu daidai. Ku da aka gwada ƙashin hannun yaranku na ƙwallon ƙafa 'yan ƙasa da 17 a 2016 don gane shekarunsu, mutum 26 suka faɗi gwajin, saura kwanaki ku kara da mu. Muka kuma fitar da ku a Yamai, kuna riƙe da kofin duniya.

Baban Ilham: Isuhu, ana maganar ƙanƙara ka kawo mana rairayi. Kofi biyar muke da shi a wannan ajin, ku nawa?

Isuhu Damagaram: Ko ɗaya. Amma namu yaran ba su da jikoki.

Kawu Sale: Ku bar wasa, maganar Isuhu tana da nauyi. Ina da wayo sarai lokacin da FIFA ta dakatar da Najeriya shekara biyu daga wasannin matasa a 1989, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa a Olamfik ta 1988 sun saɓa da abin da aka rubuta musu a baya. Har gasar matasa ta duniya ta 1991 da za mu karɓi baƙunci aka ɗauke. Na'urar MRI da ake saka hannun yaro a ciki, a gasar 2009 da aka yi a ƙasarmu FIFA ta fara aiki da ita. Abin da ba a faɗa shi ne yaran da aka danne. Ina da ɗan ƙane a Kaduna, shekararsa 15 ta gaskiya, ƙafa kamar an zana. Ya je zaɓe ya tarar da magidanta. Ya dawo gida ya rataye takalmi. Duk sa'ad da aka ce "a yi haƙuri, ai yaro ɗaya ne", akwai wani yaron da ba ya cikin ɗakin da ake maganar.

Maman Khalifa: Kawu na ji, amma don Allah kada a haɗa ni da masu rage shekaru. Kuskuren shafi na yi.

Kawu Sale: Ban haɗa ki ba 'yata, Allah ya kiyaye. Cewa nake kwamiti ba ya ganin zuciya. Mai kuskure da mai wayo, takarda iri ɗaya suke miƙawa.

Isuhu Damagaram: Tun da an zo maganar shekaru, bari in faɗi abin da ya same ni a nan Montreal, ko wani zai amfana. Mu a nan ajin 'yan ƙasa da 11 da na ƙasa da 13, M11 da M13 ake ce musu, amma lissafin ɗaya ne, shekarun da yaro ya cika zuwa 31 ga Disamba. Babban ɗana a ƙauye aka haife shi, ba a asibiti ba, takardarsa ta alƙali ce, irin wadda ake yi daga baya da shaidu. Da ake haɗa fasfo aka sa masa 1 ga Janairu, kamar yadda ake yi wa dubban mutane. Yaron kuma dogo ne, ya ɗauko dangin uwarsa. Shekararsa ta biyu a hoki sai raɗe-raɗi ya fara tashi a tsakanin iyaye. Wata mata ta tambaye ni a gaban injin kofi, da murmushinta, wai da gaske shekararsa goma? Na kwana ban yi barci ba. Washegari na kwashi fasfo, katin zama, katin lafiya, takardar makaranta, na kai wa mai rajista ba tare da an nema ba. Ta ce duk ranar ɗaya suke nunawa, magana ta ƙare. Ranar na gane dokar nan ita ce garkuwata. Da babu rajista, da bakin mutane ne zai yanke wa ɗana shekaru.

Anti Bilki: Wannan shawara ce mai kyau ga duk sabon zuwa. Ranar haihuwa ta zama ɗaya a kowace takarda, haruffan suna ma haka. Na taɓa shafe mako biyu a kan yaro ɗaya da ke da bayanai biyu a rajistar Hockey Canada, ɗaya Muhammad ɗaya Mohammed. Kuma kada wanda ya bar ɗansa ya hau ƙanƙara da ƙungiya kafin sunansa ya shiga, ko atisaye ne. Inshorar tana bin rajista ne. In haƙori ya fita ko ƙafa ta karye, a nan za ka san amfaninta.

Dakta Nura: Isuhu, abin dariyar shi ne 1 ga Janairu ita ce ranar da kowane uban ɗan hoki a Kanada zai so wa ɗansa. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Roger Barnsley, da abokan aikinsa sun nuna tun 1985 cewa waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun fi 'yan Oktoba zuwa Disamba yawa nesa ba kusa ba a manyan ƙungiyoyi. Dalilin ba wani sirri ba ne. Ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda a aji ɗaya, a shekara tara kuwa wannan tazara ce babba. Sai a zaɓe shi, ya samu koci mafi kyau da atisaye mafi yawa, tazarar ta zama ta gaske. A cikin manyan taurarin hoki, Wayne Gretzky ɗan Janairu ne, Connor McDavid ma haka. Mu a Minnesota layin a tsakiyar shekara yake don yaro ya buga da 'yan ajinsu na makaranta, amma hakan bai kashe matsalar ba, ya dai canza wanda ta faɗa wa.

Baban Ilham: To kun gani? Dokar da kanta ba ta da adalci, amma a kan minti bakwai ake tsaurarawa. Kuma dokokin nan da kuke ɗauka kamar saukakku, canza su ake yi. Mu a Ontario shekara da shekaru yaro ba ya fita daga yankinsa sai da takardar saki, iyaye suna hayar ɗakin ƙarya don adireshi. Gretzky da Dakta ya ambata, da zai bar Brantford ya koma Toronto a 1975 yana ɗan shekara 14, sai da rigimar ta kai gaban shari'a. Yanzu fa? A Disamba 2024 hukumar hoki ta Ontario ta sanar da cire iyakar daga ajin 'yan ƙasa da 10 zuwa sama, daga kakar 2025-26. Abin da jiya laifi ne yau halal ne. McDavid ɗin ma ai izini na musamman aka ba shi a 2012 ya shiga OHL, babbar lig ɗin matasa ta Ontario, yana ɗan 15, kamar yadda aka ba John Tavares a 2005. In ana ɗaga wa gwani ƙafa, me ya sa ba za a ɗaga wa mai kuskure ba?

Anti Bilki: Saboda su kafin wasa suka nema, aka duba, aka rubuta, kowa ya sani. Ba bayan an tashi ba. Wannan shi ne bambancin gaba ɗaya. Da Maman Khalifa ta aika imel ranar Alhamis ta ce ku duba mini yaron nan wasa nawa ya yi, da an ce mata goma, da ta ɗauko wani ɗan aron. Kuma buɗe iyakar da kake yabo, ka jira ka gani. Mai mota biyu da uwar da ba ta aikin dare zai kai ɗansa ko'ina. Ƙaramin gari kuma gwanayensa uku su tafi, sauran su rasa mai tsaron raga.

Baban Ilham: Ilham dai ta amfana, bana minti goma ne tsakaninmu da fili maimakon arba'in.

Anti Bilki: Ma sha Allah, ina taya ta murna. Ka dawo mana da labari bayan shekara uku.

Ummi: Ina wuni iyayena. Ku yi haƙuri da Hausata, a Winnipeg na girma. Na buga hoki daga shekara bakwai har na gama sakandare. Ina so in goyi bayan Baba Baban Ilham a abu ɗaya. Ba kowace dokar cancanta ce mai kyau ba. A 1956 wata ƙaramar yarinya a Toronto, Abby Hoffman, ta aske gashinta ta yi rajista da sunan "Ab" don babu ƙungiyar mata. Ta yi wasa da kyau har aka zaɓe ta cikin gwanaye, sai aka nemi takardar haihuwa, asiri ya tonu. Daga baya ta wakilci Kanada a tsere a Olamfik har sau huɗu. Justine Blainey kuma sai da kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta ba ta gaskiya a 1986 a kan haƙƙin buga wa ƙungiyar maza. Da kowa ya ce doka doka ce, ni da ban taɓa riƙe sanda ba.

Amma dokar wasa goma ba irin wannan ba ce. Ni na taɓa zama wadda ake ajiyewa a benci saboda 'yar aro. Ina ɗaure da igiyar takalmi, Babana ya bar aiki ya zo kallo, na shiga sau biyu a wasan gaba ɗaya. A mota bai ce komai ba, ya saya mini koko mai zafi kawai. Ina ƙirga wasanninta a raina, ina jiran na goma ya zo.

Anti Maman Khalifa, abu ɗaya zan tambaya. Kocin ya san daga littafinki kuskuren ya fito?

Maman Khalifa: Ummi kin taɓo inda ke ciwo. Bai sani ba. Ba wanda ya sani sai ku da Baban Khalifa. Kafin wasan ya tambaye ni, "muna da sauran ɗaya ko?" na ce eh. Shi ya sa hannu a takardar, shi aka dakatar. Iyaye a rukuninmu na WhatsApp sun taso shi a gaba, wasu har suna cewa a canza shi baɗi. Shi kuma bai ce uffan ba, ya rubuta musu cewa alhakin nasa ne. Mutumin nan makanike ne, ɗansa ma ya wuce wannan ajin, don Allah kawai yake zuwa.

Baban Ilham: Hajiya ki yi shiru da bakinki. Tun da ya ɗauka, ya ɗauka. Ke kaɗai ce baƙar fata a cikin iyayen nan, in suka sani ba ke kaɗai za su ci ba, har Khalifa. Kina da sauran shekara biyar a filayen nan.

Kawu Sale: A'a. Malam, a nan kam na rabu da kai. Mutum ya tambaye ta, ta ba shi amsa, ya dogara da amsar. Yanzu ana jifansa tana kallo. Ko a kasuwar Kurmi aka yi haka sunansa cin amana, balle mu da muke cewa muna nuna wa mutanen nan addininmu. Maman Khalifa, ki kira shi yau kafin rana ta faɗi. Shi za ki fara gaya wa, ba rukuni ba.

Baban Ilham: Kawu ku ba ku zauna a bencin nan ba. Ni na zauna.

Kawu Sale: Ban zauna ba, amma na yi shekara talatin ina aiki da su. Za su yi fushi mako guda. In kuwa suka gano da kansu a Afrilu, ba za su manta ba har ku bar garin.

Anti Bilki: Kuma za su gano, don kwamiti zai tambayi wa ke riƙe da lissafi. Ga shawarata a aikace. Kada ku nemi a dawo da makin, ba za a dawo da shi ba, kuɗin ajiyar ne zai tafi. Ku je zaman a kan dakatarwar koci kawai. Ki tafi da littafin kansa, kada ki goge komai, kada ki gyara. Ki buga imel ɗin da ya ɗaga wasan Disamba da jadawalin gasar, su ga rana ɗaya fili ɗaya. Ki nuna cewa yaron an yi masa rajistar aro a kan lokaci. Abin da suke son rarrabewa shi ne kuskure da niyya, a nan ne kawai suke da ikon sassautawa. Ki kuma tambaye su matsayin yaron a rubuce, ya ci gaba da buga wa ƙungiyarsa ta asali ko akwai wani abu a kansa, don iyayensa su samu natsuwa. Kin kira su ma kuwa?

Maman Khalifa: Ban kira ba Anti. Kunya.

Anti Bilki: Ki kira. Yaron nan yanzu yana ganin shi ya jawo, a makaranta ma ƙila ana gaya masa haka.

Isuhu Damagaram: Kanawa da lissafi, a ce an kasa ƙirga goma. Da kuɗi ne da ba a yi kuskure ba.

Maman Khalifa: Isuhu Allah ya shirye ka, ka sa ni dariya ina cikin kuka.

Dakta Nura: Ƙari a kan maganar Anti: baɗi kada ki ƙirga da hannu ke kaɗai. Tun da takardar wasa yanzu a kwamfutar hannu ake cikawa, duk wasan da ɗan aro ya buga yana nan a shafin lig. In ya kai bakwai ki aika wa mai rajista ta tabbatar miki a rubuce. Haka nan in an dakatar da yaro, ki tabbata an rubuta a takardar cewa yana cika hukunci, in ba haka ba wasu lig ɗin ba sa ƙirga masa, ya dawo a ce bai gama ba. Wannan ramin ya fi na aro cin mutane.

Maman Khalifa: Wa ya ce maka zan sake baɗi, Dakta?

Anti Bilki: Haka na ce a shekarata ta farko.

Maman Khalifa: Jama'a na dawo da bayani, kwana huɗu ke nan. Na kira kocin a daren da muka yi magana. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce ai ya sani, tun ranar da imel ya zo ya duba jadawali ya gane. Na ce me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce shi ya sa hannu. Na rubuta wa iyaye da kaina. Biyu ba su amsa ba har yanzu, ɗaya ta rubuto abin da ba zan maimaita a nan ba, wata kuma ta kawo mana burodin ayaba har gida.

An yi zaman jiya ta Zoom, minti ashirin da biyar. Na ɗaga littafin a gaban kyamara suka ga shafin. Makin ya tafi, ba mu shiga zagayen ba. Dakatarwar koci an tsayar da ita a wasan da ya riga ya rasa. Yaron ba komai a kansa, zai ƙarasa kaka da ƙungiyarsa. Babansa ya ce yaron ya yi kwana biyu bai ci abincin kirki ba kafin na kira.

Baban Ilham, manajan da ya kai ƙarar yana cikin zaman. Ya ce tun Janairu yake ƙirgawa, don bara su aka yi wa haka. Ban san ko in ji haushinsa ko in tausaya masa ba.

Khalifa bai yi mini magana ba ranar farko. Jiya a mota ya ce, "Mama, goma fa. Yatsunki ma goma ne."

Baban Ilham: Yaron nan Bakano ne na gaske. Ni dai har yanzu ina ganin mutumin da ya san kun kai goma tun kafin wasa, da ya tako ya gaya muku a bakin fili. Ya jira a ci shi tukuna.

Anti Bilki: A wannan kam ban musa maka ba.

Ummi: Anti akwai sauran gasar ƙarshen mako a Maris ko? Ita ba ta shiga lissafi, ku ɗauko yaron ya buga.

Maman Khalifa: Akwai, a Red Deer. Na aika wa mai rajista tun da safe ta tabbatar mini a rubuce, ina jiran amsa. Wai akwai mai takalmin ƙanƙara lamba 5 da ɗansa ya girme shi? Ƙafar Khalifa ta ƙi tsayawa, na Oktoba har ya matse shi.

Isuhu Damagaram: Akwai na ɗana, amma kuɗin aikowa daga Montreal a kanki.